Idan ɗan takararka ya sha kaye

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Na ga zaɓen da ya faranta mini rai, na ga wanda ya hana ni barci. Ga abin da nake yi idan sakamako ya zo a karkace.

Fara da ajiye waya. Kwana biyu ko uku kada ka leƙa WhatsApp da Facebook, can masu habaici suke jiranka. Ka kuma ci abinci. Na taɓa ganin babban mutum ya ƙi koko da ƙosai saboda ƙuri'a, abin dariya abin tausayi.

Majalisar shan shayi ita ce mai wuya. Kada ka ƙaurace mata, domin da mutanen nan za ka tsaya sahu ɗaya a masallaci, da su za ka je suna da jana'iza. Je ka ce "barka da nasara", ka karɓi kofinka. In zolaya ta yi yawa, ce "Alhaji, aiki na jirana", ka tashi. Kada ka rama, musamman gaban yara.

In zuciya ta ƙi kwanciya, tuna Mahama ya faɗi zaɓen shugaban ƙasar Ghana a 2016, ya dawo ya ci a 2024. Bawumia kuwa, wanda ya kara da shi a 2024, ya amince da kaye ranar 8 ga Disamba, tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba. Mai zargin maguɗi, Kotun Ƙoli na nan. An kai ƙara can bayan zaɓen 2012 da na 2020.

Ni dai washegari nake buɗe shago, ɗinkin Kirsimeti na maƙwabta ya taru.