Shawara Ga Masu Ɗinka Matashi Da Tsohon Zani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai son mayar da tsohon zanen atamfa rigar matashin kujera, kafin ta sa almakashi ta fara wanke shi, idan ya bushe ta ɗaga shi a hasken rana. Wurin da haske ya ratsa sosai ya riga ya mutu, musamman tsakiyar zani inda ake zama a kai, kuma ba ya riƙe ɗinki ko da an ninka shi. Gefuna sun fi ƙwari, su ya kamata a yanka.

Kada a haɗa tsohon ƙyalle da sabon da ba a taɓa wankewa ba, domin sabon yakan zuba. Na yi wannan kuskuren da ragowar yadin da na sayo ranar Juma'a a kasuwar Wudil, wankin farko farin gefen matashin ya koma shuɗi-shuɗi.

Wajen cikawa kuwa, audugar rimi ta fi tsumma laushi nesa ba kusa ba, amma sai an tsince 'ya'yanta tas an shanya ta, in ba haka ba ɓeraye za su huda matashin suna neman su.