Yadda Uwa Kirista Za Ta Tsara Karatun 'Ya'yanta a Gida

Uwar da ta ƙudura koyar da 'ya'yanta a gida, ko don makaranta ta yi nisa, ko don hanya ba ta da tsaro, ko kuwa don tana son tarbiyyarsu ta kasance a hannunta, ya kamata ta fara zama da maigidanta su daidaita bakinsu, domin aiki ne da zai taɓa lokacin girki, da kuɗin cefane, da hutun kowa a gidan. Bayan haka sai batun hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye a Najeriya alhakin tabbatar da cewa yaro ya yi firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku, saboda haka ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ki bayyana halin da kike ciki, ki kuma ƙulla dangantaka da wata makaranta ta kusa inda yaran za su riƙa zana jarrabawa.

Game da littattafai, ki bi manhajar ƙasa wadda hukumar NERDC take tsarawa, ki sayi na ajin da yaron ya kai. Akwai littattafan karatun gida da suke fitowa daga Amurka, inda doka ta amince da wannan tsari a dukan jihohi 50, kuma wasunsu Kiristoci ne suka rubuta su da kyau. Amma lissafinsu na dala ne da inci da mil, labaransu kuma cike suke da dusar ƙanƙara, alhali yaron da zai zana jarrabawar shiga sakandare ta NECO naira da mita da kilo za a tambaye shi.

Ki fara kowace rana da sujada gajeriya: waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, ayoyi kaɗan, da addu'ar da yaran za su yi da bakinsu ko da kalmomi biyar ne. Bisharar Markus ta dace da ƙanana, don surorinta 16 ne kawai kuma labari ne yake bin labari ba tare da dogon jawabi ba. Manya kuwa suna iya ɗaukar Karin Magana, wadda take da surori 31, su karanta surar da ta yi daidai da kwanan wata. Daga nan sai a shiga darasi tun hantsi bai yi zafi ba. A ganina, awa biyu ta ishi ɗan shekara shida ko bakwai, domin malamin da yake da ɗalibai biyu ba ya ɓata lokaci wajen kiran suna da tsawatar wa aji.

Karatu shi ne gindin kome, kuma a nan ne ya kamata ki fi yin haƙuri. Idan Hausa yaron yake ji a gida, ki fara da ita, domin rubutun boko na Hausa yana tafiya daidai da furuci: da zarar ya gane wasula biyar ya iya haɗa su da baƙi, ya ce ba, be, bi, bo, bu, to ya kama hanya. Ki rubuta gaɓoɓin da alli a ƙaramin allo ko a jikin bango, ki sa shi ya haɗa "ba" da "ki" ya ga "baki" ya fito. Kada ki tsallake ɓ da ɗ da ƙ, don yaron da bai bambanta "baki" da "baƙi" tun farko ba zai daɗe yana tuntuɓe. Idan ya fara haɗa kalmomi, ki buɗe masa Zabura 23, wadda ayoyinta shida ne, ki sa ya ɗora yatsa ƙarƙashin kowace kalma. Sai dai ki lura: yaron da ya riga ya haddace zaburar a makarantar Lahadi zai rera miki ita tsaf yana jan yatsa, ki ɗauka karatu yake yi. Ki nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar aya ta huɗu ki ce ya faɗe ta, nan za ki gane inda ya tsaya. Turanci zai zo masa da sauƙi bayan ya fahimci cewa harafi sauti yake ɗauke da shi.

Lissafi kuma rabinsa a madafi yake. Ƙwayar wake da marfin kwalba sun isa koyar da tarawa da ɗebewa, awon mudu da rabin mudu yana buɗe ƙofar rabe-rabe, sannan idan kika aiki yaro sayen gishiri ki sa ya faɗi canjin da zai dawo da shi tun bai fita ba.

Bangaskiya ba ta tsayawa a sujadar safe. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta umarci iyaye su yi wa 'ya'yansu zancen maganar Allah a zaune cikin gida, da a kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi, wato a cikin hidimar yini kanta. Gardamar da ta tashi a kan fensir dama ce ta koyar da neman gafara. Amma ina roƙonki, 'yar'uwa, kada ki mai da haddar aya horo. Yaron da aka ce ya rubuta aya sau hamsin don ya yi ƙiriniya zai haɗa Littafi Mai Tsarki da bulala a zuciyarsa, kuma Afisawa 6:4 ta gargaɗi iyaye kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Susana Wesili, mahaifiyar Yohanna Wesili wanda ya kafa ɗariƙar Metodis a Ingila, ta koyar da 'ya'yanta a gida a garin Efwot, tana fara koya musu haruffa idan sun cika shekara biyar. Abubuwa biyu na tsarinta sun cancanci a kwaikwaya: ta ware wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai sau ɗaya a mako don su yi hira a kan rayuwarsa da ruhunsa, ta kuma kafa ƙa'ida cewa ba za a koya wa 'ya mace ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Wannan ta biyun tana da muhimmanci a gidajenmu, inda babbar 'ya takan koma mai raino da wanke-wanke yayin da ƙannenta maza suke kan littafi.

Ki ajiye littafi guda mai kauri wanda za ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka koya, ki kuma adana takardun aikin yaran, don su ne shaidarki ranar da za ki kai su makaranta a gwada su. Ki nemi wasu iyaye a zumuntar mata ku riƙa haɗa yaranku sau ɗaya a mako, wadda ta fi ƙwarewa a lissafi ta ɗauki lissafi, wata ta ɗauki Turanci, yaran kuma su sami abokan wasa. Idan karatu ya kai matakin kimiyyar sakandare, inda ake bukatar ɗakin gwaje-gwaje, ki ɗauki malami ko ki mai da yaron makaranta. Wanda kuma ya ƙarasa a gida yana iya zana WAEC ko NECO ta ɗalibai masu zaman kansu, sannan ya nemi JAMB.