Darasi na 7: Takardar Kotu Kafin Rabon Gado

A unguwannin Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, Gana, idan mai gida ya rasu, bayan sadakar arba'in akan kira malam ya zauna da magada. Ya fitar da bashi, ya fitar da wasiyya, ya ba kowa rabonsa. Wannan ya isa ga tufafi da kayan ɗaki. Amma banki ba ya sakin kuɗin mamaci da takardar malam, Hukumar Filaye ma ba ta sauya sunan mai gida da ita. Sai da takardar kotu.

Takardar iri biyu ce. Idan mamaci ya bar wasiyya a rubuce, kotu za ta tabbatar da ita, ta ba wanda ya naɗa izinin aiki. Idan bai bari ba, iyali su nemi izinin kula da dukiya, wanda lauyoyi ke kira L.A. Ba a ba fiye da mutum 4. Matar mamaci ko mijinta da 'ya'ya su ne a gaba.

Ku fara da takardar shaidar mutuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Ku rubuta duk abin da ya bari: gida, fili, shago a kasuwar Kejetia, mota, kuɗin banki, har da na waya. Kada ku ɓoye bashi. Lauya zai shirya takardun rantsuwa, ya shigar a kotu. Za a manna sanarwa a kotu da gidan mamaci har kwana 21, don mai ƙorafi ya fito. Akwai kuɗin kotu gwargwadon darajar dukiyar.

Ga wurin da ya kamata ku buɗe kunne. A Gana, wanda ya mutu ba wasiyya, doka mai lamba 111 ta 1985 ce ke raba dukiyarsa, Musulmi ne ko Kirista. Kayan gida na mata da 'ya'ya ne. Idan gida ɗaya ya bari, shi ma nasu ne tare. Sauran dukiya a kasa ta 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, dangi 2 bisa al'ada. Ɗa da 'ya daidai suke samu. Kun ga wannan ba lissafin malam ba ne, inda mata ke samun tumuni, namiji kuma rabon mata biyu. Muddin kan magada a haɗe yake, ba a jin komai. Ranar da ɗaya ya fusata ya kai ƙara, da doka alƙali zai yi hukunci. Don haka mai son a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci ya je wurin lauya tun yana da rai, a rubuta, ya sa hannu gaban shaidu 2 waɗanda ba su cikin masu samu. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa cikin harshen da yake ji, sannan ya dangwala yatsa.

Laifi ne a sayar da kayan mamaci kafin izinin kotu, ko da babban wa ne ya yi. Laifi ne kuma a kori mata da yara daga gida kafin rabo.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Hukumar Tallafin Shari'a, tana da ofishi a Kumasi.

Aikin gida: Bayan an cire gida da bashi, sidi 16,000 suka rage. Nawa ne rabon 'ya'ya a ƙarƙashin doka 111? Rubuta amsar a littafinka.