In likita ya ce jijiyar idon jaririnki ƙarama ce, ga yadda za ki bi da hoton MRI

Yawanci abin yana fara bayyana ne yaro na wata biyu zuwa uku, ki ga ƙwayar idonsa tana ta rawa hagu da dama, ko kina masa wasa baya bin fuskarki da kallo. Likitan ido in ya ɗiga maganin buɗe ido ya haska ciki, sai ya tarar kan jijiyar gani ƙarami ne, da wani zobe kewaye da shi. Haka aka haife shi, jijiyar ce ba ta gama girma ba tun a ciki, ba wai ke kika yi sakaci ba dan Allah ki cire wannan a ranki.

To me ya kawo MRI, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da inji, tunda likita ya riga ya gani da idonsa? Ai ba idon kaɗai ake nema ba, abin da ke bayansa ake son gani. Jijiyoyin nan biyu suna tafiya har cikin kai su haɗu, kuma daidai ƙasan mahaɗar akwai ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, fituwitari, shi ke tafiyar da homon, wato sinadaran da ke sarrafa ayyukan jiki, na girma da na tayiroid (ƙullin da ke wuya) da kotisol mai taimaka wa jiki jure wahala. Wasu yaran fituwitarin ma da matsala, wasu kuma ɗan siririn bangon da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa babu shi sam, wannan haɗin ne ake kira ciwon de Morsier, sunan likitan Siwizalan da ya yi bayaninsa a 1956. Saboda haka ki duba takardar da kyau, a rubuta hoton kwarmin ido da ƙwaƙwalwa da fituwitari duka, kar a ɗauki ɗaya a ce ku dawo.

MRI injin maganaɗisu ne, babu hasken eksire a ciki, amma akwai ƙara sosai kuma yakan ɗauki minti 30 zuwa 60 ba motsi. Ɗan jariri sabon haihuwa sau da yawa a shayar da shi ya ƙoshi a naɗe shi a toshe masa kunne ya yi barci, shikenan. Wanda ya fara wayo sai an ba shi maganin barci, kuma nan ne nake so ki natsu. Za a ce kar ya ci komai, galibi awa 6 ga abinci da madarar gwangwani, awa 4 ga nono, amma ki bi lokacin da suka ba ki. Yaron da fituwitarinsa ba ya aiki daidai sugansa na iya faɗuwa in ya daɗe da yunwa, in kuma kotisol ya yi ƙasa maganin barcin kansa haɗari ne. Ki faɗa wa likitan sa barci da bakinki, musamman in yaron ya yi shawara mai daɗewa bayan haihuwa, ko ya taɓa jijjiga, ko yana yawan fitsari da ƙishirwa. In zai yiwu a yi gwajin jinin homon kafin ranar.

Ranar hoton kaya marasa zif da maɓallin ƙarfe, a cire ɗan kunne, kar a sa kwalli don yana iya ɓata hoton daidai wurin da ake nema. In za ki shiga da shi ke ma waya da fil ɗin ɗankwali su tsaya waje, in kina da ciki ko ƙarfe a jiki ki faɗa. Allurar gadoliniyom, ruwan da ke sa hoton ya fito sosai, ba kullum ake yi ba, in za a yi za su tambayi lafiyar ƙoda.

Sakamako in ya fito aka ce ƙwaƙwalwa lafiya lau, ki gode Allah amma kar ki ajiye fayil. Hoto mai kyau baya nufin homon lafiya, matsalar kan iya fitowa bayan shekaru, don haka ki nemi a haɗa ku da likitan homon na yara, a riƙa auna tsayinsa da nauyinsa duk zuwa asibiti ana rubutawa a kati ɗaya.