Yadda ake gane sabuwar bakteriya a jikin murjanin teku

Ƙannena masu karatun ƙananan halittu a Dutse ko BUK da kuka dawo hutu ƙauye, kar ku ce ai mu nan Jigawa ba teku me ya haɗa mu da murjani, hanyar ɗaya ce ko daga Bahar Maliya aka ɗebo samfurin ko daga fadamar Haɗejiya.

Murjani dabba ne mai rai, jikinsa da wani yauƙi da bakteriya ke zama ciki. Sai da izinin ƙasar da ke da ruwan ake taɓa shi. A ɗebi yauƙin da sirinji ko a gutsuro ɗan ƙarami a niƙa cikin ruwan teku da aka tace, a tsinka shi, a shafa kan faranti mai marine agar 2216, wato abincin da ake renon bakteriyar teku a kai. Abincin nan da gishiri don ruwan teku gishirinsa kusan kashi 3.5 cikin 100 ne, in ka sa na yau da kullum da yawansu ba za su fito ba. Ka ajiye a zafin digiri 25 zuwa 28 na Celsius, ka yi haƙuri don wasu sai sun yi sati.

Wanda ya tsiro ka ɗauki ɗigo ɗaya ka sake shafawa, ka sake, har ya zama shi kaɗai. Ka adana wani cikin gilisarol a firiza mai -80, in wuta ba tabbas gara ka kai inda ke da sola tun wuri.

To yanzu DNA. A ciro, a yi PCR (hanyar ninka wani yanki na DNA ya yi yawa) na 16S rRNA, yankin da ake gane bakteriya da shi, tsawonsa wajen harufan DNA 1500, a tura a karanta, sakamakon ka zuba a BLAST ko EzBioCloud, shafukan intanet da ke kwatanta shi da na bakteriyar da aka riga aka sani, wannan ko a wayarka ma zai yiwu in da data. In kamanninsa da na kusa da shi ya gaza kashi 98.7 to akwai alamar sabo ne. Alama fa kawai, don Allah kar ka fara sanarwa. Kuma ko ya haura ba shikenan ba, 'yan gidan Vibrio 16S ɗinsu kusan iri ɗaya ne alhali jinsi daban-daban ne, cikinsu har da Vibrio coralliilyticus da aka samo a murjanin Zanzibar, mai kashe murjani in ruwa ya yi ɗumi. Shi ya sa sai an karanta jinom, wato DNA ɗinsa gaba ɗaya, a auna kamanninsa da na kusa da shi da ma'aunai biyu, ANI ƙasa da kashi 95 zuwa 96, dDDH ƙasa da kashi 70, nan ne magana ta tsaya.

Sauran gwajin Gram (rina bakteriya don gane irin bangonta), siffa, gishirin da yake jurewa, su ma a yi a rubuta. Sannan ka aika ƙwayar da ranta ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, misali DSMZ ta Jamus da JCM ta Japan, ka raɗa suna da Latin bisa ƙa'ida, sunan bai zama halastacce ba sai ya fito a mujallar IJSEM.