Yadda ake mayar da Hiace ɗakin kwana don zuwa taron makiyaya

Idan damina ta kusa ɗaukewa, wajen watan Satumba, makiyaya kan kora dabbobinsu zuwa filayen Ingal da ke arewacin Nijar, inda ƙasa da ruwa ke da gishirin da dabba ke buƙata. Nan ake bikin Cure Salée: Abzinawa da Fulani Woɗaaɓe su haɗu, a yi sukuwar raƙuma, samari su yi kwalliyar gerewol. Daga Maraɗi hanyar ita ce Madawa, Tsarnawa, Tawa, Abalak, tafiyar sama da kilomita 600. Wanda ba ya son nisa sai ya bi Dakwaro ya shiga yankin Bermo, inda Woɗaaɓe ke yin nasu tarukan bayan damina. Ko ina ka nufa, masauki ba ya isar jama'a, a daji kuwa babu shi sam. Motarka ce ɗakinka na mako guda ko fiye.

Kafin ka kira mai walda, riƙe abu ɗaya: cikin mota wurin kwana ne da ajiya, zaman yini a waje ake yin sa. Mutumin da ya cika motarsa da kujeru da labule ya shige ya ja ƙofa, baƙo ya je, baƙo zai dawo. Saboda haka rumfa ta fi gado muhimmanci. A walda bututun ƙarfe a gefen kariyar ɗora kaya ta saman motar, ta ɓangaren ƙofar da ake ja, a ɗaura tamfol mai mita 3 a kan 4, da sanduna biyu da turaku shida na rodi. Turakun su kai rabin mita, don gajeren turke ba ya kama yashi, iskar hadari ɗaya za ta tumɓuke shi. Tabarmi uku ko huɗu a ƙarƙashi, falo ya samu.

A ciki, a cire kujerun baya a bar layi ɗaya. Gadon katako ne a kan firam ɗin ƙarfe, tsawon mita 1 da santimita 90, tsayinsa daga ƙasa gwargwadon yadda jarkoki da akwatin kayan gyara za su shige ƙarƙashi. A ɗaure firam ɗin da noti a ramukan da kujerun suka bari. Gadon da aka aje kawai, ranar da aka taka birki da ƙarfi, a bayan direba zai tsaya. Rufin motar a shafa masa farin fenti, a manna soso daga ciki a rufe da falanki. Ƙarfe tsirara da tsakar rana tanda ne. Tagogi biyu masu fuskantar juna a sa musu raga, kuma duk da haka a rataya gidan sauro, don Satumba tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro ne.

Ruwa shi ne nauyin da ke karya lissafi. A ware wa kowane mutum lita 10 a rana, sha da girki da alwala da ɗan wanka. Mutum uku a kwana 7 lita 210 ke nan, jarka 9 masu cin lita 25, nauyin da ya zarce kilo 200. A jera su ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kada a ɗora ruwa ko mai a kan kariya: nauyi a sama shi ke sa mota tangaɗi, a kan gangaren yashi kuma yana iya kifar da ita. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ba ta komawa ta ruwa, kome wankin da aka yi mata. Ruwan tabki ko na rijiyar daji, a tace da ƙyalle a tafasa.

Wuta kuma lissafinta mai sauƙi ne. Faifan sola mai wat 200, batir mai amfiya 100, da na'urar daidaita caji mai amfiya 20 a tsakaninsu. Batirin gubar nan da aka saba, rabin abin da ke cikinsa kaɗai ake ci, in ana ƙure shi kullum ba zai daɗe ba. Rabin nan ya ishi fanka ɗaya duk dare, ƙwan fitila biyu, da cajin wayoyi goma ko fiye. Firji ƙarami kuwa shi kaɗai zai iya cinye kason, in ana son sa sai a ƙara batir. Dokoki biyu ba a karya su: batirin gida daban, na tayar da mota daban, sannan a sa fis kusa da kan batirin. Waya mai gogar ƙarfe a hanya mai gargada tana feɗewa, in babu fis gobara ce. A sayi abin caji mai baki da yawa. Za ka ga amfaninsa nan gaba. Tukunyar gas mai kilo 6 ta isa tafiyar, a ɗaure ta tsaye, girki kuma a waje. Gawayi ko risho ba a kwana da su cikin rufaffiyar mota, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Hiace galibi da tayoyin baya take ja, ba motar rairayi ba ce, sai da dabara. Da an sauka daga kwalta an shiga yashi mai laushi, a rage iskar taya zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, a sa giya ta biyu, a tafi da ƙarfi ɗaya ba tare da tsayawa ba. In ta kafe, ɗage ƙafa nan take. Ƙara wuta rami kawai yake haƙawa, ya ƙone kuloci. A share yashin gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa katako, a tura. Da an dawo ƙasa mai tauri a mayar da iska, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Don haka famfo dole ne, tare da safaya biyu, kayan faci, jak da katakon da za a ɗora shi, igiyar ja, bel ɗin fanka, filtar mai da filtar iska.

Wajen Ingal matsalar ta fi yashi: ƙasar laka ce, in an yi ruwa tana riƙe mota kamar danƙo. A jira rana ta busar da ita. Kada a kwana cikin kwari ko ƙorama don an ga ta bushe, ruwan da aka yi can nesa yana isowa cikin dare. Kowace safiya a duba lagireto, ƴaƴan ciyawa da ƙarangiya suna toshe shi, inji ya ɗau zafi. Kada kuma a tsaya kan busasshiyar ciyawa da salansa mai zafi. Gobarar daji ɗaya tana cinye abincin garke na rani guda, kuma wannan laifi ne da makiyayi ba ya mantawa. Gazuwal a cika a gidan mai a Tawa ko Dakwaro, a ƙara jarka biyu. Na bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti. Batun tsaro kuma ba abin wasa ba ne a arewa: a tambayi jandarmomi halin hanya kafin a tashi, a bi ayari, takardun mota da katin shaida a hannu, kuma ba a tafiyar dare.

Da isowa, kada ka zaɓi wuri da kanka. Tsaya nesa kaɗan da zango, ka sauko, ka taka da ƙafa, ka yi sallama ka nemi arɗo ko dattijon wurin. Shi zai nuna maka inda ba ka tare hanyar rijiya ba, ba ka kuma shiga ɓangaren mata ba. Gaisuwa a yi ta a tsanake, a tambayi gida, a tambayi dabbobi, a tambayi ruwa da ciyawa. Yawancinsu suna jin Hausa, amma wanda ya iya amsa wa Bafulatani da “jam tan”, Ba'abzine da “alkher ghas”, ya ga yadda fuska ke sakewa. Abin da ba a tambaya shi ne yawan shanun mutum. Haka nan kada ka matsa wa Bafulatani ya faɗi sunan ɗansa na fari, ko ya ci abinci gaban surukinsa; kunya ce, kuma ita ce mutuncinsa.

Tsarabar da ke da daraja a can ganyen shayi ne da sukari, sai dabino, goro da gero. A miƙa wa dattijo a keɓe, kada a tsaya ana rabo a bainar jama'a. In an zaunar da kai shayi, zagaye uku ne, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma dafa shi yana cin awa guda ko fiye. Tashi bayan kofin farko kamar ka ce zaman bai yi maka ba ne. In an miƙo ƙwaryar nono, karɓa da hannu biyu ka kurɓa. Washegari kai ma ka hura gawayi ƙarƙashin rumfarka. A nan abin cajin nan zai yi aikinsa: mutum ya kawo wayarsa, dole ya zauna jiranta, hira ta ƙullu. Kada ka karɓi ko dala a kan caji. Hoto kuma sai da izini, na mata sai an tambaye su su kansu, kuma wanda ka ɗauka ka nuna masa.

Alkawari shi ne inda mutanen gari suka fi faɗuwa. Kada ka ce za ka aiko da magani ko hotuna in ba za ka aiko ba, shekara mai zuwa za a tuna maka. Ku karɓi lambar juna, ka riƙa aika saƙon murya ta WhatsApp, zai ji shi ranar da ya shigo inda akwai layi. In rani ya koro shi kudu, ko ciwo ya kawo iyalinsa asibiti a Maraɗi, gidanka ne masaukinsa, kai za ka raka shi ka nuna masa ƙofofin.

In zumunci ya yi nisa, Fulani suna da habbanaye: mutum ya ba amininsa aron karsana, ta haihu a hannunsa, galibi sau uku, ƴan maruƙan su zama nasa, uwar ta koma wurin mai ita. In aka yi maka tayin haka, kada ka amsa sai ka san wanda zai yi maka kiwonta da inda za ta ci da rani. Dabbar habbanaye ba a sayar da ita, ba a yanka ta, kuma ana kula da ita fiye da ta gida. In ba ka da hali, ka faɗa tun a zaman, ka roƙi ta ci gaba da zama cikin garkensa.