Cire ƙotar bindigar farauta don gyaran kunama: kurakuran da aka fi yi

Wasu bindigogin farauta ana zuba wa ƙotarsu gam mai ƙarfi irin Araldite, a zaunar da ƙarfen a ciki har gam ɗin ya bushe da siffarsa. Wannan mazaunin shi ke riƙe saiti. Kunama kuwa tana ƙarƙashi, ba ka kai gare ta sai ka raba ƙarfe da katako, kuma a nan ne maharbanmu na Zuru da Yawuri suke yawan yin ɓarna.

Kafin komai, cire harsashi, zare sakatar, leƙa ciki da idonka. "Ai na san babu kome" ya jawo wa gidaje da yawa zaman makoki.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ɓamɓara da sukundireba. Mutum ya kwance notuna, ƙarfe ya ƙi fitowa, sai ya cusa baki ya danna. Na ga ƙotar da aka yi wa haka a hannun wani ƙanen mahaifina: gefen gam ɗin ya ɓantare kamar bakin tsohuwar tukunya, tun daga ranar harbinta bai sake tsayawa wuri ɗaya ba. Kifa bindigar a kan tabarma, ka riƙa bubbuga ƙasan bututun da tafin hannu a hankali, ka ɗago ta miƙe. Kada ka girgiza ta hagu da dama, ramin da haƙorin ƙarfen yake shiga zai buɗe, wato ɗan ƙarfen da ya fito a ƙarƙashi don tare dukan harbi.

Sai ƙazanta. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin ramin nan, balle da ƙurar hunturu, ta isa ta karkatar da zaman ƙarfen. Goge da busasshen ƙyalle. Mai kuma kada ya taɓa gam ko katako, yana jiƙa katakon ya yi laushi.

Notunan galibi ba tsawonsu ɗaya ba. Ajiye na gaba daban, na baya daban, domin dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya tokare sakata. Wajen mayarwa, ɗaura su sako-sako, tsayar da bindigar a kan gindinta don haƙorin ya jingina baya, sannan ka tamke na gaba, ka bi da na baya. Ƙarfin tsiya yana murƙushe katako. Da damina katako kan kumbura, da rani ya motse, saboda haka a riƙa dubawa.

Ita kunamar, ina roƙon 'yan'uwa, a bar wa mai gyaran da ke da izinin hukuma, kamar yadda dokar bindigogi ta 1959 ta tanada. Sassauta ta fiye da kima na sa bindiga ta tashi da kanta. Ko kamfanin Remington na Amurka sai da ya janye wasu bindigoginsa samfurin 700 a shekarar 2014 saboda wannan matsalar ta tashi ba tare da an ja kunama ba. In an dawo maka da ita, ɗana ta babu harsashi, bakinta na kallon inda ba kowa, ka buga gindinta a ƙasa. In ta saki, mayar masa.

Bayan an haɗa, a gwada saiti a jikin tudu kafin a shiga daji.